Maki da Matsayi a Gasar 'Yan Ganga da Begila ta Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Daga ƙarshen watan Yuni zuwa mako na biyu na Agusta, ƙungiyoyin matasa masu kiɗa da busa suna zagaya jihohin Amurka suna karawa da juna a filayen wasa, kuma kowace karawa tana ƙarewa ne da sanar da maki. Muhawara a kan nauyin da ya kamata a bai wa wannan maki ta daɗe kamar gasar kanta. Ga tambayoyin da aka fi yawan yi a kan lamarin, tare da amsoshinsu.

Wace irin gasa ce wannan, kuma su wane ne ke yin ta?

Hukumar da ke shirya babbar gasar ita ce Drum Corps International, wadda aka fi sani da DCI. Ta gudanar da gasarta ta farko a shekarar 1972 a garin Whitewater na jihar Wisconsin, inda ƙungiyar Anaheim Kingsmen ta zo ta ɗaya. Kafin wannan lokaci ƙungiyoyin tsoffin sojoji, wato American Legion da VFW, su ne ke riƙe da ragamar gasar, domin asalin abin badujalar soja ce da aka miƙa wa yara da matasa. Wanda ya taɓa kallon faretin 'yan makaranta a ranar 1 ga Oktoba, inda alƙalai ke duban daidaiton sahu da ɗaga ƙafa, ya samu ɗan haske a kan tushen abin, sai dai gasar ta yau ta yi nisa ƙwarai da fareti.

Kowace ƙungiya tana da ɓangarori uku: masu busa kayan tagulla, da makaɗa, waɗanda wasunsu ke tafe da ganguna a rataye wasu kuma ke tsaye a bakin fili da manyan kayan kiɗa, sannan 'yan tuta, masu rawa da tutoci da bindigogin katako da takubba. Tun daga 2022 doka ta yarda ƙungiya ta fito da mutum har 165, kuma galibinsu ba su wuce shekara 21 ba. Wasan kowace ƙungiya yana ɗaukar kimanin minti 11, ana busa ana gudu ana sauya zanen da jerin 'yan wasan ke fitarwa a kan fili. Tun daga 2009 ana yin ranakun ƙarshe na gasar a filin Lucas Oil da ke Indianapolis.

Yaya ake raba makin?

Jimillar maki ɗari ne, kuma an kasa shi gida uku. Maki 40 na tasirin wasa gaba ɗaya ne, wato yadda kiɗa da motsi da labarin da ake bayarwa suka haɗu suka taɓa mai kallo. Maki 30 na abin da ido ke gani ne, maki 30 kuma na abin da kunne ke ji. Ɓangaren ido yana da fannoni uku, ƙwarewar motsin kowane mutum, da tsarin zanen baki ɗaya, da 'yan tuta; ɓangaren kunne ma uku ne, masu busa, da makaɗa, da haɗuwar sautin duka. Kowane fanni yana da alƙalinsa mai ba da maki har 20, sai a tara ukun a raba biyu. A ranakun ƙarshe ana ƙara yawan alƙalai a wasu fannonin, a ɗauki matsakaicin abin da suka bayar.

Abin da sabon mai kallo ya fi mancewa da shi shi ne cewa kowane alƙali yana ba da lamba biyu ne, ɗaya a kan abin da aka tsara wa matasan su yi, ɗaya kuma a kan yadda suka yi shi. Ma'anar wannan ita ce kusan rabin makin hukunci ne a kan aikin manyan da suka rubuta kiɗan suka zana motsin tun watanni kafin a fara gasa. Yaron da ya yi duk abin da aka ɗora masa ba tare da kuskure ko ɗaya ba, ba shi da ikon ɗaga wancan rabin ko da ɗigo ɗaya idan abin da aka ba shi mai sauƙi ne ko kuma tsarinsa ya yi rauni.

Shin tun farko haka ake yin alƙalancin?

A'a. Har zuwa 1983 yawancin makin ƙwarewa ana samun sa ne ta hanyar zaftarewa. Alƙali yana bin sahu a kan fili da allon rubutu a hannu, duk kuskuren da ya gani ko ya ji sai ya ja layi, kuma kowane layi yana cire kashi ɗaya cikin goma na maki. A zamanin da tsoffin sojoji ke riƙe da gasar har duba tufafi da aski ake yi kafin a shiga fili. Wannan tsari ya sa ƙungiyoyi suna tsoron abu mai wuya, domin duk wanda ya ƙara wa kansa wahala ya ƙara wa alƙali wuraren jan layi.

Daga 1984 aka koma tsarin gina maki daga ƙasa, inda ake auna wahalar abin da aka gwada da kuma yadda aka cimma shi. Da wannan sauyi aka samu wasanni masu sauri da zane mai sarƙaƙiya, amma da shi kuma makin ya ƙara zama ra'ayin masani maimakon ƙidayar kurakurai. Mafi yawan gardamar da ake yi a yau daga nan ta samo asali.

Idan aka ce ƙungiya ta samu 95, me wannan lamba take nufi?

Tana nufin matsayin ƙungiyar a idon waɗannan alƙalai, a wannan dare, idan aka kwatanta ta da waɗanda suka fito tare da ita. Aikin alƙali na farko shi ne ya jera ƙungiyoyi bisa fifiko, na biyu kuma ya nuna girman tazarar da ke tsakaninsu, lambar kanta tana zuwa ne a bayan waɗannan biyun. Shi ya sa masu bin gasar suke gargaɗin kada a kwatanta makin da aka bayar a Kalifoniya da wanda aka bayar a Ohio a dare guda, tun da alƙalan daban ne, filin daban, abokan karawar ma daban. Sai an haɗa kowa a manyan tarukan tsakiyar kaka, kamar na San Antonio da na Allentown, sannan jerin yake fara zama abin dogaro.

Haka nan maki yana hawa ne a hankali daga Yuni zuwa Agusta. Ƙungiyar da za ta ƙare da sama da 97 takan fara kakar da maki mai nisa ƙasa da haka, ba don wasanta ya lalace ba, sai don bai gama nuna ba, kuma alƙalai suna barin sarari a sama saboda makonnin da ke tafe.

To, ana iya cewa wasan da ya fi kowane maki a tarihi shi ne mafi kyau?

Maki mafi girma da aka taɓa bayarwa shi ne 99.65, wanda Blue Devils ta garin Concord a Kalifoniya ta samu a 2014. Kafin nan bajintar tana hannun Cavaliers, waɗanda suka samu 99.15 a 2002, da Cadets, waɗanda suka maimaita wannan lamba a 2005. Babu mai musun cewa waɗannan wasanni uku manya ne. Amma takardun alƙalanci sun sha sauyawa, haka ma kayan aikin: a 2000 aka buɗe ƙofar amfani da kayan busa waɗanda ba begilar gargajiya ba, a 2004 aka yarda da lasifika, a 2009 kuma aka shigo da kayan kiɗa na lantarki. Lamba 98 ta shekarun 1980 da lamba 98 ta yau ba abu ɗaya suka auna ba. Abin da babban maki ke nunawa da tabbaci shi ne cewa ƙungiyar ta yi wa sa'o'inta na wannan shekara fintinkau, har alƙalai suka rasa sararin da za su bari a sama.

Shin bambancin ɗigo kaɗan yana da wata ma'ana?

A wajen ba da kambu yana da cikakkiyar ma'ana, a wajen auna inganci kuwa kusan babu. Misalin da aka fi ambata shi ne na 2008. Phantom Regiment ta garin Rockford ta zo ta uku a daren farko na ranakun ƙarshe, ta zo ta biyu washegari, sannan a daren Asabar ta ci gasar da 98.125, yayin da Blue Devils ta samu 98.100. Tazarar 0.025 ba ta wuce abin da alƙali guda zai iya sauyawa idan ya ɗaga ko ya sauke lambarsa da kashi ɗaya cikin goma na maki a fanni ɗaya ba. Ba wanda zai ce da gaske ƙungiya ɗaya ta fi ɗayar da kashi ashirin da biyar cikin dubu. Abin da ya faru shi ne su biyun sun kai wani mataki guda, lissafi ya faɗa gefe ɗaya. Duk da haka sunan Phantom Regiment ne ke rubuce a tarihi, kuma matasanta ne suka rataya lambar zinariya.

An kuma yi kunnen doki sau uku a saman jeri: Blue Devils da Phantom Regiment a 1996, Blue Devils da Santa Clara Vanguard a 1999, sannan Cadets da Cavaliers a 2000. A 1993 Cadets ta doke Star of Indiana da kashi ɗaya cikin goma na maki, a 2019 kuma tazarar da ke tsakanin Blue Devils da Bluecoats ba ta kai haka ba.

A ina ne matsayi ya fi yin tasiri na zahiri?

Mutane da yawa suna zaton tsakanin na ɗaya da na biyu ne. A ra'ayin mai wannan rubutu, iyakar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda ke tsakanin na 12 da na 13. A makon ƙarshe kowa yana fitowa ranar Alhamis, ƙungiyoyi 25 ne ke tsallakewa zuwa Juma'a, sannan 12 kacal ke fitowa daren Asabar, lokacin da filin ya fi cika kuma idon duk masu sha'awar abin yake kansa. Ƙungiyar da ta zo ta biyu ta yi baƙin ciki, amma a watan Nuwamba ɗaruruwan matasa za su yi layi a gwajin shigarta. Wadda ta zo ta 13 kuwa ta rasa daren da ake tallata kai, kuma tana iya ganin gwanayenta sun tafi gwada sa'a a wani wuri.

Daga nan abin yake zama zagaye mai wuyar fita. Matsayi mai kyau yana jawo masu neman shiga, yawan masu nema yana ba ƙungiya damar zaɓar gwanaye, gwanaye suna ba marubuta damar tsara abu mai wuya, abu mai wuya kuma shi ke kawo maki. Kamfanonin da ke ƙera ganguna da kayan busa da tufafi sun fi son sunansu ya fito a jikin ƙungiyar da ake kallo daren Asabar. Tsoffin mambobi da masu ba da gudummawa su ma hannunsu ya fi sakewa idan suna ganin ci gaba. Malamai da masu tsara wasa, waɗanda sana'arsu ta sauran shekara ita ce aiki da makarantun sakandare da jami'o'i, sunansu yana hawa ko sauka tare da jerin, kuma a ƙarshen Agusta ne ake jin labarin wanda aka sallama da wanda aka ɗauka. Tafiyar da bas-bas da manyan motocin kaya da motar dafa abinci na tsawon makonni ba ƙaramin kuɗi take ci ba, don haka duk abin da ya taɓa kuɗin shiga ya taɓa rayuwar ƙungiya.

Labarin Troopers ta garin Casper a jihar Wyoming ya nuna haka. Tana cikin ƙungiyoyin da suka kafa DCI, amma bayan 1986 ta daɗe ba ta shiga sahun 12 ba, har ta tsallake kakar 2006 gaba ɗaya. Da ta zo ta 12 a 2009, magoya bayanta sun yi murnar da ba ta gaza ta masu ɗaukar kofi ba, haka kuma aka sake yi a 2022. The Academy ta Arizona ta fara shiga sahun a 2016, Mandarins ta Sacramento kuma a 2018, kuma a tarihin kowaccensu wannan shekara ce ake ƙirga abubuwa daga gare ta.

Akwai kuma wani ƙaramin tasiri da ke taruwa ya zama babba. A manyan taruka ana jera fitowa ne daga mai ƙarancin maki zuwa mai yawa, saboda haka ƙananan ƙungiyoyi suna wasa da sauran rana, a gaban kujerun da ba su gama cika ba, manyan kuma suna fitowa da dare a ƙarƙashin fitilu.

Ana zargin alƙalai da bin suna maimakon wasa. Akwai gaskiya a ciki?

Zargin yana da tushe da za a iya fahimta. Daga 1972 zuwa 2025 ƙungiyoyi 11 ne kawai suka taɓa cin gasar. Blue Devils ita kaɗai ta ci sau 21, Cadets sau 10, Cavaliers da Santa Clara Vanguard sau bakwai-bakwai. Jerin da aka gani a tsakiyar Yuli sau da yawa ba ya sauyawa sosai har Agusta, kuma alƙali ɗan Adam ne wanda ya san makin jiya kafin ya hau kujerarsa.

Amma wannan ba hujja ba ce ta maguɗi. Ƙungiyar da ta riƙe malamanta shekaru da yawa, take da kuɗi, take kuma zaɓar mambobinta daga cikin mafi ƙwarewa, ba abin mamaki ba ne ta riƙa fitowa a gaba. Bugu da ƙari, kowane alƙali yana magana a cikin na'urar ɗaukar murya tun daga farkon wasa har ƙarshensa, yana faɗin abin da ya gani daƙiƙa bayan daƙiƙa, ana kuma miƙa wa malaman ƙungiyar wannan sauti. A taruka da dama malamai suna zama da alƙalai bayan wasa su tambaye su dalilin lambar da suka bayar. Ƙofar ma ba a rufe take ba: Carolina Crown ta ci karon farko a 2013, Bluecoats a 2016, Boston Crusaders kuma, wadda aka kafa tun 1940 kuma ba ta shiga sahun 12 ba sai 1999, ta ɗauki kambunta na farko a 2025. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne suna yana sa alƙali ya yi jinkirin sauya ra'ayi, ta yadda mai tasowa yakan buƙaci ya nuna fifikonsa dare bayan dare kafin lamba ta bi shi.

Shin neman maki ne ke tsara irin wasan da ake yi?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne tasirin maki ya fi zurfi ko da yake ba a cika ganin sa ba. Masu tsara wasa sun haddace takardar alƙalanci, sun san abin da ake sakawa a kai, kuma duk abin da ya ci a bana za a ga kwaikwayonsa a baɗi. A 2016 Bluecoats ta garin Canton ta ajiye kaki da hular fareti, ta fito da fararen tufafi masu kama da na 'yan rawa, da manyan gangarori da matasa ke hawa suna sulalowa, ta kuma ci gasar. Cikin shekara biyu zuwa uku yawancin manyan ƙungiyoyi sun rabu da tufafin gargajiya. Da ta zo ta shida da wannan wasa, da wuya sauyin ya yi saurin da ya yi.

Wani lokaci kuma ra'ayin alƙalai da na 'yan kallo suna rabuwa. Wasan Star of Indiana na 1993 ya zo da kiɗa mai nauyi ga kunne da motsin jiki da ba a saba gani ba. Alƙalai sun ba shi matsayi na biyu, 'yan kallo da yawa kuwa ba su karɓe shi ba, har wasu suka yi masa ihu. Yau ana lissafa shi cikin wasannin da suka sauya alƙiblar fagen. A ɗaya gefen, Madison Scouts ta zo ta huɗu a 1995 da wasan da ya tayar da filin tsaye, kuma har yanzu masu sha'awa suna ambaton sa fiye da wasu da suka ɗauki kofi. Waɗannan misalai biyu sun isa su nuna cewa jerin daren Asabar da abin da mutane ke tunawa bayan shekara ashirin ba lallai su zo ɗaya ba.

Cin gasa yana tabbatar wa ƙungiya ɗorewa?

Ba ya tabbatarwa. Kingsmen, zakarun farko, sun fita daga sahun gaba cikin 'yan shekaru. Star of Indiana ta ci a 1991, ta bar gasar bayan 1993 ta koma wasan dandamali. Santa Clara Vanguard, wadda ta ci a 2018, ba ta fito ba a 2023 saboda matsalar kuɗi. Cadets mai kambu goma ta daina fitowa bayan kakar 2023, ta kuma shiga shari'ar fatara a 2024. Maki yana taimaka wa asusu, amma shugabanci da riƙon kuɗi da kula da lafiyar mambobi ne ke raya ƙungiya, kuma babu alƙalin da ke ba da lamba a kansu.

Su matasan da ke kan fili, yaya suke ɗaukar makin?

A yawancin tarukan kaka matasan ba sa ma kan fili lokacin da ake sanar da sakamako. Jagororin ƙungiyoyi ne kawai ke tsayawa a jere a gaban 'yan kallo, su sara idan an kira sunan ƙungiyarsu. Sauran suna wurin ajiye motoci, sun tuɓe tufafin wasa, wasu suna tura kayan kiɗa cikin babbar mota, wasu na layin abinci da faranti a hannu, gumi bai gama bushewa ba. Makin yana iso musu ne ta waya ko ta bakin wani malami, a yi 'yar sowa ko a yi shiru, sannan a hau bas a kwana a hanya, a sauka da asuba a wata makaranta, a shimfiɗa katifar iska a daɓen zauren motsa jiki. Da hantsi an koma fili ana maimaita daƙiƙa talatin ɗin da alƙali ya yi kuka da su jiya.

Malamai da yawa suna koya wa mambobinsu cewa a wannan gasa ba a tare abokin karawa, ba a ƙwace masa komai, ba ka da iko a kan abin da ya yi ko abin da alƙali ya rubuta, iyakarka wasanka. Wannan magana gaskiya ce, kuma tana kare zukatan matasa. Sai dai ba daidai ba ne a ɗauka cewa ba su damu ba. Wanda ya biya dubban daloli, ya yi atisaye tun watan Mayu a cikin zafin rana na sa'o'i goma ko fiye a yini, yana so ya ji an kira ƙungiyarsa a gaban wadda ta doke ta makon jiya. Damuwar ta fi tsanani ga wanda shekarunsa suka cika, wanda ya san ba shi da wata kakar da zai rama.

An taɓa yin kaka ba tare da maki ba?

An yi. An soke kakar 2020 saboda annobar korona, a 2021 kuma aka yi gajeriyar kaka wadda ta ƙare da kwana uku na wasanni a Indianapolis ba tare da maki ko jeri ba. Ƙungiyoyi sun saki jiki, wasu sun dawo da tsoffin kaɗe-kaɗen da magoya bayansu ke ƙauna, wasu sun gwada abubuwan da ba za su yi kasadar gwadawa a gaban alƙali ba. Mutane sun zo sun kalla sun ji daɗi, abin da ya nuna cewa wasan yana iya tsayawa da ƙafarsa. Duk da haka a 2022 aka koma ba da maki, kuma ba a ga wani gagarumin yunƙuri na hana hakan ba. Gasa ce ke sa ƙungiya ta ci gaba da goge abu guda har mako na ƙarshe, ita ce kuma ke sa mai kallo ya bi labarin daga Yuni zuwa Agusta maimakon ya kalla sau ɗaya ya wuce.

Mene ne amfanin kyaututtukan fannoni?

Suna ba ƙungiyar da ba ta ci gasa ba damar a shaida fifikonta a abu guda. Akwai kyautar Jim Ott ta masu busa, da ta Fred Sanford ta makaɗa, da ta George Zingali ta 'yan tuta, da ta John Brazale ta ƙwarewar motsi, da ta Don Angelica ta tasirin wasa. Ga makaɗin da ke neman inda zai koyi sana'arsa, sanin wanda ya ɗauki kyautar Sanford ya fi masa amfani a kan sanin wanda ya zo na ɗaya, shi ya sa za ka ga taron jama'a sun kewaye makaɗan wata ƙungiya a wurin ajiye motoci suna kallon atisayen da suke yi kafin su shiga fili, alhali wata ƙungiyar tana wasa a cikin fili.

Matashin da ke zaɓar ƙungiya, ya bi matsayi ne?

Ya duba shi, amma kada ya tsaya a kansa. Matsayi yana nuna ƙarfin tsari da ƙwarewar mambobin bara, ba ya nuna ko ana ciyar da mutane da kyau, ko ana ba su isasshen barci, ko akwai masu kula da rauni, ko malamai suna koyarwa da mutunci. Waɗannan sai an tambayi waɗanda suka yi kaka a can. Akwai kuma batun dama: wanda zai zauna a benci a babbar ƙungiya yana iya samun cikakken gurbi da kulawar malami a ƙungiyar da ke ta 18, ko a rukuni na biyu na gasar, inda tafiyar ta fi gajarta kuma kuɗin ya fi sauƙi. Da yawa daga waɗanda suka rataya lambar zinariya daga irin waɗannan ƙungiyoyi suka faro.

Yaya mai kallo zai karanta takardar sakamako ya amfana?

Ya fara da barin jimillar, ya duba tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyi biyu da suka haɗu a dare guda a gaban alƙalai guda, sannan ya bi wannan tazara a haɗuwa uku ko huɗu ya ga ko tana raguwa. Bayan haka ya duba lambobi biyu na kowane fanni. Idan makin tsari ya fi na aiwatarwa da yawa, ƙungiyar tana da abu mai kyau da ba ta gama gogewa ba, kuma akwai yiwuwar ta hau a Agusta. Idan lambobin biyu sun yi kusa tun farkon Yuli, wasan ya kusa kai iyakarsa, sai dai idan malamai sun sake rubuta wani ɓangare, abin da sukan yi a tsakiyar kaka, musamman ƙarshen wasa. Ya kuma duba layin ƙasa inda ake rubuta makin da aka zaftare saboda saɓa doka, kamar wuce lokaci, domin a tsakanin ƙungiyoyin da ke kokawar matsayi na 12 kashi ɗaya cikin goma na maki yana iya raba wadda za ta fito daren Asabar da wadda za ta zauna cikin 'yan kallo.